Katin gaisuwa na hannu: laifin takarda ne da tawada, ba na mai yi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in yi magana a kan wata ƙaramar sana'a da ba kasafai ake tunawa da ita ba idan ana lissafa sana'o'in hannu, wato yin katin gaisuwa da fentin ruwa da hatimin roba. Ina nufin katin barka da Sallah, na taya murnar aure ko suna, na saukar Alƙur'ani, na gama makaranta, da na gaida mara lafiya. Matasa da dama, musamman 'yan mata, suna ganin hotunan irin wannan kati a waya, su sayo fenti su gwada. Takarda ta kumbura, rubutu ya baje, sai su ajiye burushi su ce ba su da baiwar zane. Abin yana ci mini rai, domin galibi hannunsu lafiya lau yake. Takardar da suka ɗauka ba ta shan ruwa ba ce, tawadar kuma ba ta jure ruwa, alhali waɗannan biyun ana gyara su tun burushi bai taɓa fenti ba.

Mu fara da takarda. Ana auna kaurinta da giram a kowace murabba'in mita, kuma lambar tana rubuce a jikin kunshin. Farar takardar da ake aiki da ita a shagon kwamfuta giram 70 ce zuwa 80. Da ruwa ya sauka a kanta sai zarurukanta su kumbura ta wuri ɗaya su bar wani, ta yi tudu da kwari, fenti ya gangara ya taru a kwarin, idan aka ƙara shafawa ta fara saɓulewa. Kwalin da 'yan makaranta ke saye ma ba ya yi, don fuskarsa ko dai ta tsotse fenti nan take ya zama tabo, ko ta ƙi karɓarsa. Abin da ake nema shi ne takardar fentin ruwa mai giram 300. An shafe ta da wani sinadari mai riƙe ruwa a sama na ɗan lokaci, shi ke ba mutum damar jan launi yadda yake so kafin ya nutse. Mai giram 190 ko 200 za ta iya aiki idan an ɗaure ta sosai, amma ƙasa da haka ɓata kuɗi ne. Iri biyu aka fi samu: mai gurzau-gurzau da mai santsi. Mai gurzau ta fi kyau da fenti, mai santsi ta fi kyau da hatimi. Zan dawo kan wannan, don nan ne mutane da yawa ke faɗuwa.

Ba a yin fenti a jikin katin kansa. Kati hawa biyu ne: gindi na kwali mai kauri, giram 250 zuwa 300, da fallen fenti da za a manna a fuskarsa. Kwali girman A4 milimita 210 ne da 297. A raba shi biyu, kowane rabi a naɗe a tsakiya, sai a sami kati biyu masu milimita 105 da 148, waɗanda ke shiga ambulan C6 mai milimita 114 da 162 ba tare da matsi ba. Takardar fenti A4 guda tana ba da falle huɗu. Babban fallen da ake sayarwa ɗaiɗai, mai santimita 56 da 76, yana ba da 25, kuma yawanci ya fi sauƙi idan aka lissafa kuɗin kowane kati. A yanka fallen daidai girman katin, a yi masa fenti, bayan ya bushe a rage shi zuwa milimita 95 da 138, yadda zai bar gefe na milimita 5 ta kowace fuska. Wannan ragin ne ke tafiya da bakin da salatif ya rufe da duk wani datti na gefe.

Kayan aikin ba su da yawa. Burushi mai faɗi na milimita 25, burushi mai tsini lamba 8 ko 10, farantin tangaran fari don haɗa launi, katako ko allon roba mai faɗi, salatif na takarda irin na masu fentin mota, tishu ko tsohon farin ƙyalle, da kofin ruwa biyu. Ɗaya na wanke burushi, ɗaya na ɗibar ruwa mai tsabta. Wanda ya tsaya a kofi ɗaya, kafin ya gama kati uku rawayarsa ta koma ruwan ƙasa. Game da fenti, gara mutum ya sayi launi uku masu kyau, ja da rawaya da shuɗi, da ya sayi akwati mai launi 24 na wasan yara wanda idan ya bushe yake komawa kamar alli yana bin yatsa.

Akwai abin da ya kamata mu sani a nan. Abin da ke riƙe garin launi a fentin ruwa ya manne da takarda ƙaro ne, ƙaron nan na dakwara da ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa da Nijar da Chadi da Sudan, ake lodawa zuwa Turai. Shi ne dai malamanmu ke sa wa tawadar allo. Don haka mai sha'awa zai iya haɗa nasa fentin: awo ɗaya na dakakken ƙaro, awo biyu na ruwan zafi, a bar shi ya kwana ya narke, a tace da ƙyalle, a ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsattsage in ya bushe, sannan a kwaɓa da jar ƙasa da aka tankaɗe aka niƙa lilis. Launin ƙasa ba ya koɗewa. Ruwan zoɓo da gangamau kuwa, ko da yake suna da ban sha'awa ranar farko, haske na cinye su, zoɓon ma yakan juye ya yi duhu a kan takarda. Kada a sa su a katin da za a karɓi kuɗin mutum a kansa.

To, sai shimfiɗa launi. A kwantar da fallen a kan katako, a bi gefunansa huɗu da salatif, ya hau takardar kamar milimita 4. Kafin a manna, a ɗan liƙa salatif ɗin a jikin riga a cire sau ɗaya don ƙarfin gam ɗinsa ya ragu, in ba haka ba zai yayo fatar takarda ranar cirewa. A haɗa launi a faranti fiye da yadda ake zaton za a buƙata, kamar cokalin shayi biyu ga falle ɗaya, domin idan ya ƙare a tsakiyar aiki ba za a sake dacewa da irinsa ba, kuma kafin a haɗa sabo wancan ya bushe ya bar layi. A gwada a guntun takarda. Fentin ruwa yana yin haske idan ya bushe, saboda haka a haɗa shi ya ɗan fi yadda ake so duhu.

Hanya ta farko ita ce a jiƙa fallen da ruwa mai tsabta da burushi mai faɗi, a jira har ruwan ya daina kwanciya, takardar ta rage sheƙi kawai idan aka karkata ta ga haske. A lokacin ne ake ɗiga launi a bar shi ya yi tafiyarsa. Launi biyu sun isa, uku iyaka ke nan, kuma su zama maƙwabta: shuɗi da kore, ko rawaya da ruwan goro da ja irin na faɗuwar rana. Ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya, duk inda suka gauraya laka suke bayarwa. Hanya ta biyu, don launi mai sauka daga duhu zuwa haske, a tokare katakon ta sama da littafi ya ɗan karkata, a ja burushi daga hagu zuwa dama a saman fallen. Ruwa zai taru ya yi ɗan layi a ƙasan shafin farko. Shafi na biyu ya kamo wannan layin ya sauko da shi, ana ƙara ruwa a burushi kowane jan, har ƙasa. Abin da ya taru a ƙarshe a tsotse shi da busasshen burushi.

Babban kuskure a nan shi ne komawa gyara. Mutum ya ga wani wuri bai yi masa ba, ya koma da jiƙaƙƙen burushi alhali fentin ya fara shanyewa. Sabon ruwan sai ya ture garin launin zuwa gefe, ya bar tabo mai baki-baki kamar lamba a jikin zane. Da zarar sheƙi ya ɗauke, a janye hannu. Duk gyaran da za a yi, sai ya bushe ƙarau.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci, kuma bidiyoyin da ake koyo da su ba a ƙasarmu aka ɗauke su ba. Da hunturu iska ba ta da laima sosai, saman falle yakan bushe kafin a kai ƙasansa, sai launi ya fito layi-layi. Maganinsa a jiƙa takardar sau biyu, a bar na farko ya nutse sannan a ƙara, a kashe fanka, a rufe taga saboda ƙura, a yi aikin da sassafe. Da damina kuma akasin haka ne. Fallen zai yi kamar ya bushe alhali cikinsa da damshi. A taɓa shi da bayan hannu: in an ji sanyi, da sauransa. Kwanon fenti kuma kada a rufe shi a jiƙe a wannan lokaci, fumfuna zai kama shi.

Kwalliyar bango ba ta buƙatar kayan waje. Gishirin girki kaɗan, a barbaɗa lokacin da sheƙin ke gab da ɗaukewa, kowace ƙwayar gishiri za ta ja ruwa ta bar farin tauraro, a kakkaɓe bayan ya bushe sarai. In an zuba da wuri narkewa zai yi, in an makara ba zai yi komai ba. Farin kyandir, a zana jinjirin wata ko dagi da shi a busasshiyar takarda kafin fenti, wurin zai ƙi karɓar launi ya fito fari. Leda mai laushi, a cukwikwiye ta a ɗora a jiƙaƙƙen fenti a bar ta har ya bushe, za ta bar zane kamar fasasshen gilashi. Tsohon burushin goge baki kuma na yayyafi ne. Ɗaya daga ciki ya isa kati guda, domin bango ba shi ne maganar ba, shimfiɗa ce ta rubutun da zai hau kai.

Yanzu ga tawada, inda aka fi yin asara. Kushin tawadar ofis, mai ruwan shunayya ko shuɗi da ake buga wa rasit, yawancinsa rini ne da aka narka a ruwa. Ko ya kwana, da jiƙaƙƙen burushi ya bi ta kansa zai tashi. Haka tawadar allo, ai don ta wanku aka yi ta. Irin waɗannan ba a sa su kafin fenti, kuma ko bayan fenti, ɗan damshin da ya rage a takarda ya isa ya sa harafi ya fitar da gashi. Abin da ake so tawada ce mai mai wadda ba ta tashi bayan ta bushe, irin su VersaFine da Ranger Archival. Ko da wane suna aka sayar maka da ita, ka gwada da kanka: ka buga a guntun takardar da za ka yi aiki da ita, ka ba ta minti goma sha biyar, ka bi ta da ruwa. In ruwan ya ɗauki launi, ba ta aikin nan ba ce. Da tawada mai jure ruwa ana iya buga hoton fure ko fitila tun farko, a bar shi ya bushe, sannan a cika cikinsa da fenti. Da wadda ba ta jurewa, hanya ɗaya ce: fenti tukuna, bushewa sosai, hatimi a ƙarshe, kuma kada ruwa ya sake kusantar wurin.

Wajen bugawa, a kwantar da hatimin rigingine, a riƙa ɗan tattaɓa kushin a kansa har ko'ina ya samu. Ba a danna hatimi cikin kushi da ƙarfi, don tawada za ta cika ramukan haruffa ta kuma ɓata gefen robar, gefen ya fito a kati. A sa takardu biyar ko shida a ƙarƙashin fallen a kan teburi mai ƙarfi, a sauke hatimin a miƙe, a danna ko'ina daidai, a ƙirga biyar, a ɗaga a miƙe. Girgiza shi hagu da dama ne ke sa rubutu ya fito da inuwa. Sabon hatimi mai kama da gilashi, wanda ake liƙawa a dunƙulen roba mai haske, yakan sa tawada ta dunƙule ɗigo-ɗigo. A goge fuskarsa da magogin fensir a wanke, zai karɓa.

Ga maganar gurzau da na ce zan dawo kanta. Hatimi saman tudun takarda kawai yake taɓawa, ba ya shiga kwarinta. Babban hoto zai jure wannan, har ya yi kyau. Siririn rubutu kuwa zai fito a tsittsinke, wasalin ajami ya ɓace, ƙugiyar harafi ta yanke. Ko dai a yi amfani da takarda mai santsi tun farko, ko a buga rubutun a wani siririn farin kwali dabam, faɗin milimita 15 zuwa 20, a manna shi a kan bangon. Hanya ta biyun ta fi mini, domin idan bugu ya lalace, ɗan kwali aka rasa, ba fallen da aka ɓata lokaci a kansa ba.

Malam Edita, akwai dalilin da ya sa nake ganin wannan sana'a tana da kasuwa a wurinmu. Hatiman da ake shigowa da su galibi da Turanci suke. Babu mai cewa "Barka da Sallah", ko "Allah ya raya", ko "Allah ya ba da zaman lafiya", ko "Sannu da jiki". Jerin haruffansu ma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Amma masu yin hatimi suna nan a garuruwanmu, a bakin kotuna da gidan waya da cikin kasuwa, wasu da reza suke sassaƙawa, wasu da na'ura daga zanen kwamfuta. A kai musu rubutun a buge, a duba ƙugiyoyin tare da su kafin su fara, a ce hatimi ake so na katako wanda ake shafa wa tawada, ba mai tawada a ciki ba, don a sami damar canza launi. Haruffa kada su gaza milimita 5 a tsayi. Shawara ɗaya kuma: a tsaya ga addu'a da gaisuwa, a bar ayoyin Alƙur'ani, domin kati abu ne da ke iya ƙarewa a ƙasa ko a hannun yara.

Ƙananan hotuna kamar dagi, jinjirin wata, tauraro, ganye, ko zanen zayyana, mutum zai iya sassaƙa su da kansa a babban farin magogi. A zana a takarda da fensir mai laushi, a kifa zanen a kan magogin a murza bayansa da farce, zai hau a juye, kuma haka ake so, don abin da ke juye a hatimi shi ke fitowa daidai a kati. Wanda ya rubuta kai tsaye a jikin roba zai ga rubutunsa ya fito ta baya. A yanka da sabuwar reza, bakinta ya karkata waje da layin, yadda gindin kowane layi zai fi samansa faɗi kamar tudun kunya. In aka yanka ta ƙarƙashinsa, layin zai karye a bugu na goma. Zurfin milimita 2 ya isa. Bayan aiki a goge hatimi da jiƙaƙƙen ƙyalle da ɗan sabulu. Kananzir da fetur suna cin roba, rana kuma tana busar da ita ta tsattsage, don haka a ajiye a gwangwani mai murfi a inuwa.

Masu son rubutun zinariya mai tudu, akwai wani gari da ake barbaɗawa a kan tawada mai danƙo a narka shi da na'urar zafi ta musamman. Na'urar busar da gashi ba ta yi, hure garin take yi. In za a yi shi bayan fenti, dole fallen ya bushe ƙarau, in ba haka ba garin zai manne ko'ina. Mai farawa zai iya jinkirta wannan.

Saura haɗawa. A cire salatif a hankali, ana jansa a kwance zuwa waje. In fallen ya ɗan lanƙwashe, a shafa wa bayansa damshi kaɗan, a sa shi tsakanin fararen takardu biyu, a danne da littattafai masu nauyi ya kwana. Wajen naɗe kwalin gindi, a auna milimita 105, a ɗora rula, a ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, sannan a naɗe a bi da bayan cokali. Kwali mai kauri in aka naɗe shi haka kawai, bayansa fashewa yake yi. Yanka kuma da rular ƙarfe da reza, ja biyu ko uku marasa ƙarfi, ba almakashi ba. Wajen mannawa salatif mai gam fuska biyu ya fi, a bi gefe huɗu da ɗaya a tsakiya. In farin gam irin na kafintoci ne a hannu, a shafa shi siriri da guntun kwali a danne katin minti talatin, domin gam mai yawa ruwa ne, zai mayar da lanƙwasar da aka sha wahalar cirewa.

Mai yi don sayarwa kada ya riƙa gama kati ɗaya kafin ya fara wani. A yi bango goma sha biyu yau, gobe a buga hatimi, jibi a haɗa, ta haka jiran bushewa ba ya cin lokaci. Wajen sa kuɗi a lissafa takarda da kwali da ambulan da ledar sakawa da lokacin da aka ɓata, a kuma ƙara kuɗin falle biyu cikin kowane goma sha biyu, don sai an sami wanda ya lalace. Waɗanda suka lalacen ma ba a zubarwa, ana yanka wuraren da suka yi kyau a yi ƙananan katin da ake ratayawa a jikin kyauta ko turaren amarya.

Roƙona ga cibiyoyin koyar da sana'a da malaman zane a makarantunmu shi ne, in za su sa wannan a darasi, su sayi takarda mai giram 300 ko da kaɗan ce, su yanka ta ƙanana kowane ɗalibi ya sami falle huɗu, su ajiye kushin tawada mai jure ruwa guda biyu na aji duka. Darasin farko kuma ya zama gwajin nan na guntun takarda da ɗigon ruwa, kowa ya gani da idonsa wace tawada ke tashi, wace ke zama.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Mai sana'ar kati, daga Zariya